MALAMIN KURAME DA YA RASU A KAN HANYAR AIKI

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa, wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantar kurame, ya gabatar a wajen wani zama na matasa. Ya yi magana ne a kan rayuwar Andrew Foster, baƙar fatan Amurka kuma kurma, wanda ya shafe shekara 30 yana buɗe wa kurame makarantu a Afirka. Mun kawo muku jawabin kamar yadda aka naɗe shi, in ban da 'yan gyare-gyare kaɗan. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ba mu ji da gani da harshen magana, ba don mun biya ko kwabo ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa da sahabbansa.

Bayan haka 'yan uwa, kafin in shiga abin da aka ce in yi magana a kai, ina da tambaya guda ɗaya, kowa ya amsa a zuciyarsa. A gidanku, ko a layinku, ko a ƙauyenku, akwai kurma? Na san akwai. To mene ne sunansa? Kar ka ce mini "Bebe". Sunan da aka raɗa masa nake tambaya, ranar da aka tara mutane aka yanka rago aka raba goro. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Shekara nawa kana wuce shi, kana ɗaga masa hannu, amma ba ka san sunansa ba? To a kan wannan mutumin za mu yi magana yau, sai dai za mu biyo ta kan rayuwar wani malami da ya zo daga nesa.

Malamin nan sunansa Andrew Foster. Zan faɗa muku tun daga farko, don kar wani ya ce an ɓoye masa: Kirista ne, ɗan mishan ne, kuma yaɗa addininsa yana cikin abin da ya kawo shi Afirka. Shi kansa bai taɓa ɓoye haka ba. Hisabinsa yana wurin Allah, ba a hannunmu yake ba. Abin da ya shafe mu shi ne aikin da ya yi a idon duniya, kuma adalci ya wajabta mana mu faɗe shi yadda yake. In mutum ya riga ka zuwa rijiya, ba ka cewa bai ɗebo ruwa ba. Sai dai ka tambayi kanka, kai barcin me kake yi?

BAƘI, TALAKA, KURMA

An haife shi ranar 27 ga Yuni, 1925, a wani wuri da ake kira Ensley a jihar Alabama ta Amurka. A shekarar 2025 ya cika shekara 100 da haihuwa kenan. Mahaifinsa leburan haƙar kwal ne. Alabama ta wancan lokaci kuwa, wuri ne da doka ta raba baƙi da fari a makaranta, a mota, a asibiti, har a wurin shan ruwa. Da jinsa aka haife shi, yana magana kamar kowa. Yana ɗan shekara 11 sanƙarau ya kama shi. Ya tashi daga ciwon, amma kunne ya tafi.

Sanƙarau dai mun san shi, ba sai an yi mana bayani ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ku dubi kaya uku da aka ɗora wa yaro ɗaya: ga baƙar fata a Alabama, ga talauci, ga kurumta. Aka kai shi makarantar kurame da makafi ta baƙaƙe a garin Talladega, domin ko a cikin kurame sai da aka ware baƙi daban, fari daban. Karatun da ake ba su a can bai yi nisa ba, kusan iyakarsa firamare. Da a ce ya tsaya a nan, ya ce ai ni an zalunce ni ta ko'ina, wa zai zarge shi? Babu. Amma bai tsaya ba. Yana saurayi ya tafi birnin Detroit a arewacin ƙasar, yana aikin ƙarfi da rana, yana karatu da dare, wani karatun ma ta hanyar wasiƙa, a aiko masa darasi ya amsa ya mayar ta gidan waya, har ya haɗa sakandare.

A birnin Washinton akwai wata kwaleji ta kurame mai suna Gallaudet, wadda aka kafa tun 1864. Ya nemi shiga, aka ƙi shi saboda launin fatarsa. Ya sake nema. Sai a 1951 aka ɗauke shi, ya gama a 1954, ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi digiri a wannan kwaleji. Wato shekara 90 kwalejin tana nan kafin baƙi ɗaya ya fito daga cikinta da digiri. A 1955 ya ƙara digiri na biyu a fannin koyarwa a jihar Michigan, a 1956 ya ƙara wani a Seattle.

To ɗan uwa, kai da ka rubuta jarrabawa sau ɗaya ba ta yi ba, ka ce kai da karatu har abada, ka ji wannan.

AJIN ARO A AKRA

Da ya gama, yana iya zama a Amurka ya sami aiki ya huta. Sai ya ji labarin halin da kurame suke ciki a Afirka. A lokacin, makarantun kurame a duk faɗin nahiyar ba su wuce 12 ba, kuma suna can arewacin Afirka ne da Afirka ta Kudu. Ya nemi ƙungiyoyin mishan su aiko shi, su ma suka juya masa baya, baƙi ne. Sai ya kafa tasa ƙungiyar a 1956, ya bi gari-gari yana neman taimako, a 1957 ya sauka a Gana, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai.

Ya fara ne a unguwar Osu a birnin Akra, wanda iyayenmu fatake suke kira Ankara. Ba shi da gini. Aji ya ara a wata makarantar mishan, sai an tashi yara masu ji da yamma, sannan shi ya shiga da nasa 'yan ƙalilan. Daga baya makarantar ta koma Mampong, ta zama ta kwana.

Nan nake so mu ɗan tsaya, domin da yawanku ba ku san abin da ake nufi da koyar da kurma ba. Kuna zaton malami ne kawai yake ɗaga murya. Bari in ba ku hoton abin yadda muke ganinsa a aji.

Yaron da yake ji, kafin a kai shi makaranta ya riga ya cika da magana. Ya ji ta a bayan uwarsa, ya ji a tsakar gida, ya ji faɗa, ya ji tatsuniya. Aikin malaminsa shi ne ya nuna masa yadda ake rubuta abin da ya riga ya sani. Yaron da aka haifa kurma kuwa, in ba a sami mai yi masa maganar hannu a gida ba, yana iya zuwa maka yana ɗan shekara 10 ba shi da harshe ko ɗaya. Yana da 'yan alamu na ci da sha da zo da tafi. Hankalinsa lafiya lau, wani ma ya fi ka kaifin basira. Amma bai san cewa kowane abu yana da suna ba. Bai san shi kansa yana da suna ba. Ba shi da hanyar da zai ce jiya, ko gobe, ko "me ya sa?"

Sai malami ya ɗauki moɗa ya nuna masa, ya yi alamar moɗa da hannu, ya rubuta kalmar a allo, ya jera haruffanta da yatsu, domin kowane harafi yana da siffarsa a hannu. Ya ɗauki takalmi ya yi haka. Gobe a sake, jibi a sake. Rannan sai ka ga idon yaro ya buɗe, ya gane ashe komai da sunansa. Wallahi ranar ba ya barinka ka zauna. Zai ja ka zuwa taga, zuwa bishiya, zuwa akuya, yana nunawa yana tambaya, wannan fa? Wannan fa? Daga ƙarshe ya nuna ƙirjinsa. Duk malamin kurame da ya ga wannan rana sau ɗaya, da wuya ya bar aikin.

Wani zai ce, to me zai hana a koya masa karanta leɓe kawai? Ku gwada yanzu. Kowa ya juya ya kalli na kusa da shi, ya ce "baba" ba tare da sauti ba. To ka ce "mama". Kun ga wani bambanci? Babu. Ka ce "kuka" na hawaye, ka ce "kuka" ta miya. A leɓe abu ɗaya ne, bambancin yana cikin hawa da saukar murya, shi kuma muryar ce ba ya ji. Duk da haka, a 1880 malaman kurame na ƙasashen Turai suka taru a birnin Milan na Italiya suka yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara magana da karanta leɓe. Shekaru masu yawa ana dukan hannun yara a makarantu in an kama su suna maganar hannu. Sai a 2010 irin wannan taro, da ya zauna a Vancouver ta Kanada, ya fito fili ya yi watsi da wancan hukunci. Shekara 130 kenan.

Foster, da yake shi kansa kurma ne, bai bi waccan hanya ba. Ya koyar da hannu, da haruffan yatsu, da rubutu, da magana ga wanda zai iya, duk ƙofar da saƙo zai shiga kan yaro ya bi ta. Kuma akwai wani darasi da ba a rubuta shi a allo: yaran suna ganin mutum irinsu, baƙi, kurma, ga shi da ilimi, manyan gwamnati suna zama da shi. Iyayen ma suna gani. Uban da ya ɗauka ɗansa bai da wani amfani sai bara ko ɗiban ruwa, ya zo ya tarar shugaban makarantar ma ba ya ji.

A 1960 ya buɗe makaranta a Ibadan, daga baya aka sami wasu a Enugu da Kaduna. Ibadan ta zama masa cibiya. Kuma a nan ne dabararsa ta fito. Ya san mutum ɗaya ba zai koyar da nahiya ba, sai ya mai da hankali ga horar da malamai, da yawansu kurame, yana kawo su daga ƙasashe daban-daban, har da masu magana da Faransanci, su koyi aikin su koma gida su riƙe makarantu. Wasu ɗalibansa ya buɗe musu hanya suka je Gallaudet ɗin da ta taɓa ƙin sa. Kafin ya rasu ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashe 13, cikinsu har da Cadi da Kamaru da Togo da Sanagal da Burkina Faso da Zayar. A 1970 Gallaudet ta ba shi digirin girmamawa na dakta, a 2004 ta sa wa wani babban ɗakin taronta sunansa.

MAI GIDA

Yanzu bari mu leƙa gida, domin ku matasa ne, wasu sun yi aure, wasu suna nema. A 1959 ya je taron kurame na duniya a garin Wiesbaden na Jamus, a can ya haɗu da wata Bajamushiya, ita ma kurma. A 1961 suka yi aure a nan Nijeriya. Suka haifi 'ya'ya biyar. Matar ba zaman jira ta yi ba, tare suka riƙe aikin. Ko bayan iyalin sun koma Amurka da zama a shekarun 1970, shi bai daina zirga-zirga zuwa Afirka ba.

Ranar 3 ga Disamba, 1987, ya hau wani ƙaramin jirgin sama da zai je Kenya. Jirgin ya faɗi a ƙasar Ruwanda. Ya rasu yana da shekara 62, a kan hanyar aiki.

To me ya faru da aikin? Matarsa ta ci gaba da riƙe shi, daga baya ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya karɓa. Ku yi tunani a kan wannan. Da a ce matar da 'ya'yan suna kallon aikin nan a matsayin kishiyar da ta ƙwace musu mai gida, ranar da ya faɗi za su rufe ofis su ce Allah raka taki gona. Ba a gadon abin da aka tsana. Sun ɗauka ne domin ya shigar da su ciki tun yana raye.

Ina faɗin haka ne domin na san halinmu. Wani ɗan uwa ko'ina aka ce aiki yana sahun gaba, kowa yana yabonsa a waje, amma matarsa ba ta san inda ya je ba, ba ta san me ya sa ya je ba, rabonsa da ya zauna da ɗansa ya duba masa allo ko littafi an yi watanni. In ya shigo sai tsawa. Irin wannan, duk abin da yake ginawa a waje, a cikin gidansa ake rushe shi, kuma shi ne ya ba da gatarin.

ABIN DA AKE SUKARSA A KAI

Ba za mu mai da shi wanda ba ya kuskure ba. Maganar hannun da ya zo da ita ta Amurka ce, kuma ita ce ta zama tushen wadda ake koyarwa a makarantu a Nijeriya da Gana da wasu ƙasashe. Masana da dama, har da kurame, suna ganin wannan ya danne maganar hannun da mutane suke da ita tun asali. Domin kar ku zaci kuramenmu ba su da harshe sai da Bature ya zo. A ƙasar Hausa akwai maganar hannu tun kaka da kakanni, kurame suna da wuraren hirarsu, a Kano har sarautar Sarkin Bebaye akwai. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kan wannan harshe, ya fito a 2000. Ka ga kenan harshen muna da shi. Abin da muka rasa shi ne wanda zai ɗauke shi ya shiga aji da shi, ya koyar da karatu da lissafi da addini.

Wani kuma zai ce ai ya yi ne don ya ja yara zuwa addininsa. Na ce na ji. To kai da kake da naka, ina ajinka? Yaron da aka kora daga islamiyya aka ce ba ya ji, ɓata lokaci ne, in wani ya buɗe masa ƙofa ya koya masa sunansa, da wane baki za ka yi ƙorafi? Makarantar makafi ta Gindiri mishan ne suka buɗe ta a 1953. Makarantar Tudun Maliki ta Kano sai a 1977 aka same ta. Alhali mu ne muke karanta tarihin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilimi aka saukar da farkon Suratu Abasa a kan lamarinsa, ya zama ladan, aka riƙa bar masa riƙon Madina. Mu ne malamanmu na fiƙihu suka tabbatar tun ƙarnoni da suka wuce cewa isharar bebe, in ana fahimtarta, tana tsayawa a matsayin magana wajen aure da saki da ciniki. Yana nan a littafi. A unguwa ne babu shi.

ƘANENA

Na ce zan dawo kan sanƙarau. A 1996 an yi annobarsa a Nijeriya, mafi yawa a nan arewa. Sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Waɗanda suka rasu an ƙidaya su. Waɗanda suka tashi babu kunne fa? Ɗaya daga cikinsu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana ɗan shekara 6 a lokacin, ni ina saurayi kamar ku.

Yaron nan da maganarsa, mai surutu ne ma. Da ya dawo gida muka yi murna ya rayu. Sai muka lura in an kira shi ba ya waiwayowa. A hankali maganar ta fara lalacewa, yara suna masa dariya, sai ya daina. Ba a yi shekara biyu ba sunansa ya ɓace a unguwa, ya koma Bebe. Har a bakina, Allah Ya yafe mini. Muna cin abinci a tire ɗaya, a yi wata magana kowa ya fashe da dariya, shi ma ya yi dariya don ya ga muna yi. In ya taɓa ni yana tambayar me aka ce, sai in yi masa alamar bari, anjima. Anjiman nan ba ta taɓa zuwa ba.

Ni kuwa a lokacin ba a bar ni a baya ba wajen zuwa karatu da wa'azi. Ina iya tafiya gari mai nisa don in ji jawabi. Amma wanda muke kwana ɗaki ɗaya da shi, ban taɓa zama na koya masa komai ba.

Mahaifinmu ya kwanta ciwon ajali, ya tara mu ya yi mana wasiyya, ya kira sunan kowa. Yaron yana zaune a bakin ƙofa yana kallon bakinsa. Bayan rasuwar ne wani maƙwabci ya matsa mana muka kai shi makarantar kurame, yana da shekara 12. Ni ma kunya ta sa na fara koyon maganar hannu. Ranar da hannuna ya fara faɗuwa har muna iya hira, kun san abin da ya fara tambayata? Ya ce, ranar nan da Baba ya tara ku, ya faɗi wani abu a kaina? Shekaru yana ɗauke da wannan tambaya, babu wanda zai yi wa.

Na ce masa ya faɗa. Ya ce mu riƙe ka amana, kar mu bari a wulaƙanta ka. Sai ya yi shiru yana kallona. Bai ce komai ba, kuma ba sai ya ce ba.

Wannan ne ya mai da ni malamin kurame. A makarantar ne na fara jin sunan Foster a wurin tsofaffin malamai, na gane cewa haruffan yatsun da nake magana da ƙanena da su, ta hannun mutumin nan suka iso mana. Yau ƙanen nawa tela ne, yana da mata da 'ya'ya uku, duk suna ji, kuma kowannensu ya fara yi wa ubansa magana da hannu tun kafin bakinsa ya buɗe.

ABIN DA YA RAGE MANA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2021 cewa yara miliyan 34 ne a duniya suke da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Saboda haka abu na farko shi ne rigakafi. Akwai allurar sanƙarau, akwai ta ƙyanda, a kai yara. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi wuyansa ya sanƙare, a ruga asibiti a ranar, kar a kwana. In kunne yana zubar da ruwa, a nemi magani, kar a ce zai daina da kansa. In jariri ba ya firgita da ƙara, ko ya kai lokacin magana bai fara ba, a je a auna jinsa. Shekarun farko su ne na kama harshe, abin da ya wuce a nan da wuya a cike shi.

Na biyu, kowa ya koma ya nemo sunan kurman unguwarsu a wannan makon. Ka je inda suke hira da yamma, ka zauna, ka ce su koya maka gaisuwa. Za su yi maka dariya, ka jure, ai sun daɗe suna jure tamu. Kalma biyar a mako, a shekara ka haura 250.

Na uku, yau Juma'a. Mun ji huɗuba, mun fito muna tattaunawa a kai. A cikin sahun nan akwai wanda ya yi wanka ya sa farin kaya ya zo da wuri, ya zauna tun daga farko har ƙarshe yana kallon bakin liman, ya tashi bai san ko a kan me aka yi magana ba. Haka ya yi makon jiya, haka zai yi mako mai zuwa. Wasu masallatai sun fara ajiye mai fassara da hannu a gefe guda, Allah Ya saka musu. Me zai hana naku? Matashi ɗaya ake buƙata wanda ya iya, da izinin liman. Haka nan islamiyya, ko aji ɗaya ne da yamma bayan an tashi sauran yara. Kun ji dai da ajin aro wancan ya fara.

Na huɗu, ku masu shirin shiga manyan makarantu. Kowa likita, kowa lauya, kowa injiniya. Akwai sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero ta Kano, akwai a Jami'ar Jos, akwai kwaleji sukutum ta wannan fanni a Oyo. Ba zan ruɗe ku ba, babu kuɗi a aikin, kuma ba a yi wa mai yinsa kirari. A cikinku ko mutum uku suka zaɓe shi da gangan, wannan zama ya biya. Kuma ku sani a Janairun 2019 an sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, har da sha'anin karatu. Doka ba ta tafiya da ƙafarta, sai an sami masu ɗaukarta su kai ta ofis su ce ga abin da aka rubuta.

Na ƙarshe, wanda yake da kurma a cikin gidansu, ƙane ko ƙanwa ko ɗa, yau in an zauna cin abinci aka yi dariya ya taɓa ka, ka ajiye lomar ka gaya masa abin da aka ce, ko da zane ne a ƙasa. Kar ka ce masa anjima.

Nan zan tsaya. Abin da na faɗa daidai Allah Ya ba mu ikon aiki da shi, inda na yi kuskure Allah Ya yafe mini. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa ji da ganin da Ya ba mu su zama hujja gare mu ranar da za a tambaye mu a kansu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.